Daga Wasiƙunku: Sawun Ɗana Kamar Na Agwagwa, Ciwo Ne?

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan ƙafa sai ka ce an haɗa baki. Na ware guda shida, duk suna zagaye abu ɗaya: ɗan kwarin nan da ke tsakiyar tafin ƙafa, wanda na wani ya yi zurfi, na wani kuma babu shi sam. Kamar kullum na cire sunaye, na kuma rage tsawon wasiƙun.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ɗana shekararsa uku da wata biyu. In ya fito daga wanka ya taka siminti, sawunsa gaba ɗaya yake fitowa, babu ɗan gurbin nan da nake gani a sawun yayyensa. Kakarsa ta wajen uba ta ce a kai shi wurin mai ɗori tun ƙashi yana ɗanye. Maƙwabciyata kuma ta ce akwai takalmin gyaran ƙafa, sai dai da tsada. Yaron ba ya kukan ciwo, gudu ma sai an kamo shi. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Maman yaro, ki kwantar da hankalinki, ki kuma ƙulle kuɗinki a bakin zane. Ke da kanki kin ba da rabin amsar, tun da kin ce ba ya kuka kuma sai an kamo shi.

Tun da daga Zariya kika rubuto, bari in ɗauko misali daga gida. Kin san yadda maginan dā suke ɗaga rufin soro: ana jera azara daga bango biyu, ana lulluɓewa da ƙasa, kowane jeri yana ɗan shigowa ciki, har su haɗu a sama su yi bakan gizo. Duk wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na garinku, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya ga irin wannan gini. To tafin ƙafa ma haka Allah Ya tsara shi. Ƙasusuwa 26 ne a kowace ƙafa, da gaɓoɓi 33. In aka haɗa ƙafa biyu an sami 52 ke nan, wato wajen rubu'in ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Waɗannan ƙananan ƙasusuwa sun jeru sun yi baka uku. Akwai na ciki, daga dunduniya zuwa gindin babban yatsa, shi ne mafi tsayi, shi ne kuma wanda kike nema a sawun ɗanki. Akwai na gefen waje, gajere, wanda kusan yana kwance a ƙasa. Sai na gicciye, daga wannan gefe zuwa wancan. Nauyin mutum kuwa yana sauka ne a wuri uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu: dunduniya, gindin babban yatsa, gindin ƙaramin yatsa.

Inda suka bambanta da ginin soro shi ne bakan ƙafa yana motsi. A ƙarƙashinsa akwai wata faffaɗar jijiya da ta tashi daga dunduniya ta bazu zuwa yatsu, tana riƙe da shi kamar yadda tsirkiya take riƙe da baka. In kika taka, bakan ya ɗan sauka ya shanye nauyi. In kika ɗaga dunduniya za ki ci gaba, babban yatsa ya lanƙwashe, tsirkiyar ta ɗaure, ƙafar ta ƙage ta tunkuɗa ki gaba. Wani likita a Ingila mai suna Hicks ne ya fayyace wannan a 1954. Abin da muke nema a ƙafa ke nan: ta yi laushi lokacin sauka, ta yi ƙarfi lokacin tashi. Siffarta a tsaye ba ta dame mu sosai ba.

Wanda yake son sanin irin tasa, ba sai ya je ko'ina ba. In ya gama alwala ya taka busasshen siminti ya duba. In tsakiyar sawun ya kai kamar rabin faɗin ƙafar, matsakaiciya ce, ita ce ta yawancin mutane. In sawun ya fito cif babu gurbi, shimfiɗaɗɗiya ce. In kuwa tsakiyar ta zama ɗan siririn zare, ko ma sawun ya rabu biyu, dunduniya daban gaba daban, bakan mai tsayi ne. Duk ukun ana samun su a jikin masu lafiya, kamar yadda hanci yake zuwa dogo da gajere.

Yanzu ga maganar ɗanki. Kusan duk jarirai ana haifar su ne babu kwari a tafin ƙafa. Wurin cike yake da kitse, jijiyoyin kuma suna da laushi, shi ya sa yaro mai tatata yake taka ƙasa da tafinsa duka. A hankali kitsen yake narkewa, tsokoki su yi ƙwari, bakan ya fito, galibi tsakanin shekara shida zuwa goma. A 2006 an fitar da sakamakon auna yara 835 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, 'yan shekara uku zuwa shida. A cikin 'yan shekara uku, kashi 54 cikin 100 ƙafarsu shimfiɗe take. A 'yan shekara shida abin ya sauko zuwa kashi 24. Waɗanda aka samu da ciwo na haƙiƙa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Kin ga ɗanki yana cikin mafi rinjaye a tsaransa.

Ga gwajin da nake yi a ɗakin duba marasa lafiya, ke ma za ki iya a tsakar gida. Ki sa wani ya riƙe alewa sama da kansa, yadda sai ya yi ɗage kafin ya kai. Ke ki tsuguna a bayansa ki duba. Za ki ga kwarin ya fito ras, dunduniyoyin kuma sun ɗan juya ciki. Ko ki zaunar da shi a kan turmi ƙafafunsa suna reto, nan ma zai fito. Ko yana tsaye ki ɗaga babban yatsansa sama da hannunki. In kwarin yana fitowa a waɗannan, ginin yana nan, nauyi ne kawai yake kwantar da shi. Wannan ba ya bukatar magani.

Takalmin gyara kuwa, an daɗe da gwada shi. A 1989 likitoci a birnin Dalas na Amurka suka fitar da sakamakon bin yara 129 masu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa. Aka raba su huɗu: wasu takalmin gyara, wasu 'yan abubuwan da ake sakawa cikin takalmi iri biyu, wasu kuma takalmi na yau da kullum. Bayan shekara uku duk sun inganta, kuma babu rukunin da ya fi wani. Girma ne ya yi aikin, mai takalmi ya karɓi kuɗin. Wani binciken a Indiya a 1992, na yara 2,300, ya fi ba ni dariya: a cikin masu sa takalmi kashi 8.6 ne ke da shimfiɗaɗɗiyar ƙafa, a masu yawo ba takalmi kuwa kashi 2.8, kuma masu sa rufaffen takalmi su suka fi yawa a ciki. Don haka ki bar shi ya yi ta tsalle a yashin tsakar gida ƙafa a sake. Ban ce bola ko bakin kwata ba, can akwai kwalba da ƙusa da tsutsar ciki mai shiga ta fata.

Batun mai ɗori shi ne wanda ba na wasa da shi. Ɗori na karaya ne, a nan kuwa babu abin da ya karye. Na taɓa karɓar wata yarinya da aka ɗaure wa ƙafa tamau da karare kwana uku don a "tayar" da tafin, yatsun sun kumbura sun canza launi saboda jini ya kasa wucewa. Allah Ya taimaka aka kwance da wuri. Amma kada ki je ki ce wa surukarki likita ya ce ba ta da gaskiya, ba ni za ki haɗa da ita ba. Ki ba ta alewar ta riƙe, sannan ku yi musanya, ita ta tsuguna ta gani da idonta. Tsofaffi sun fi yarda da abin da suka gano da kansu.

Ki kawo shi asibiti in kin ga ɗayan waɗannan: yana kukan ciwo ko ɗingishi, ƙafa ɗaya ce kawai ta shimfiɗe, kwarin ya ƙi fitowa ko ya yi ɗage, ko agararsa ta ɗaure har dunduniya ba ta taɓa ƙasa in ya tsuguna. Akwai kuma yaran da ake haifa da ƙashi biyu na bayan ƙafa a manne da juna. Su ba a cika ganewa ba sai sun kai wajen shekara tara zuwa goma sha biyar, ƙafar ta ƙage ta fara ciwo.

Wani abu daban, don masu jego da ke karatu: jaririn da aka haifa ƙafarsa a murɗe ciki, tafin yana kallon ɗan'uwansa, ba a jira da shi. Wannan yana samun wajen jariri ɗaya cikin dubu, ana kuma gyara shi da filasta da ake canzawa mako-mako, hanyar da Dokta Ponseti ya ɓullo da ita. A makonnin farko ake so a fara.

TAMBAYA: Likita, shekarata 21, burina in shiga aikin ɗamara. Abokaina sun ce ko na je za a cire ni saboda tafin ƙafata a shimfiɗe yake. Wani ya ce in riƙa murza kwalba da ƙafa kullum, kafin wata ɗaya zai tashi. Ina buga ƙwallo, ina gudun safe, ban taɓa jin ciwo ba. Gaskiya ne? Daga wani matashi a Gusau.

AMSA: Ƙanena, da abokin ciwonka kake magana. Ni ma haka tawa take. A makarantar kwana "ƙafar agwagwa" suke ce mini, in na fito daga wanka har biyo sawuna ake yi ana dariya. Yau fiye da shekara ashirin ina wuni a tsaye, ba ta taɓa hana ni aiki ba.

Tambayarka biyu ce a haɗe, ta lafiya da ta doka. Ta lafiya mai sauƙi ce. Rundunonin soja na duniya sun daɗe suna mayar da masu irin ƙafarmu gida, bisa zaton ba za su jure doguwar tafiya ba. Da aka zo aka auna, sai zaton ya ƙi tsayawa. A 1947 likitoci biyu, Harris da Beath, suka fitar da rahoton duba ƙafafun sababbin sojojin Kanada 3,619. Abin da suka gano shi ne shimfiɗewa ita kaɗai ba ta cika kawo nakasu ba, sai in ta haɗu da ɗaurarriyar agara ko ƙagewar gaɓoɓi. A 1993 kuma aka fitar da sakamakon bin sababbin sojojin ƙasa na Amurka 246 cikin horon mako 12. Masu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa su ne suka fi ƙarancin rauni, masu dogon baka suka fi kowa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙafa mai laushi tana shanye duka, mai tauri kuwa tana miƙa shi sama zuwa ƙwauri da gwiwa.

Ta doka ita ce ba a hannuna take ba. Har yanzu akan ga shimfiɗaɗɗiyar ƙafa a jerin abubuwan da wasu sanarwar ɗaukar aiki suke hanawa, likitan tantancewa kuma takardar da aka ba shi yake bi. Don haka ka nemi sanarwar shekarar da kake nema ka karanta da idonka, ka daina dogara da labarin majalisa. Kafin ka kashe kuɗin mota, ka je likitan ƙashi ya duba ka. Da yawa daga masu cewa ƙafarsu shimfiɗe take, in an duba sai a ga bakan gajere ne kawai, yana nan.

Kwalba kuwa, in ka murza za ka ji daɗi bayan gudu, musamman in da sanyi. Amma ba za ta sauya jerin ƙashin ɗan shekara 21 ba, ko a wata ɗaya ko a shekara. Abin da zai amfane ka shi ne ƙarfi. Ka riƙa yin ɗage a hankali kana saukowa, sau goma sha biyar, ka huta, ka maimaita sau uku. Ka shimfiɗa tawul ka riƙa tattaro shi da yatsu. Ka dafa bango, ƙafa ɗaya a baya dunduniya a ƙasa, ka miƙar da agara na rabin minti. Allah Ya ba da sa'a.

TAMBAYA: Likita, ni mai sayar da abinci ce, shekarata 52, daga asuba har la'asar a tsaye nake. Wata takwas ke nan idon sawuna na hagu yana ciwo ta ciki, yana kumbura da yamma. Yanzu na lura ƙafar ta kwanta, ba kamar ta dama ba, takalmin ma ta ciki yake cinyewa. Ina da hawan jini, ina da jiki kuma. Ina shan maganin ciwon jiki daga kemis. Daga wata baiwar Allah a Wudil.

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari. A cikin wasiƙun da suka ambaci shimfiɗewa, taki ce ta sa na gyara zama. Na ce wa mai ɗan shekara uku ta kwantar da hankali, na ce wa saurayi ba komai. Ke ba zan ce miki haka ba, don ba da ita aka haife ki ba. Ƙafa ɗaya ce, da girmanki ta sauya, kuma tana ciwo.

Akwai wata tsoka can ƙarƙashin sha-raɓa wadda jijiyarta take saukowa ta zagaya bayan idon sawu ta ciki, ta kama ƙasusuwan tsakiyar ƙafa. Ita ce take ɗage bakan a kowane taku. Daidai wannan kwanar da take sha jini bai cika isarta ba, sai shekaru da nauyi da doguwar tsayuwa su yi ta cin ta kamar igiyar guga a bakin rijiya. Ta kumbura, ta saki, bakan ya fara sauka. An fi ganin wannan a mata da suka haura arba'in, musamman masu ƙiba, hawan jini ko ciwon suga. Kin ga wasiƙarki kusan duk ta lissafa su.

Ki gwada abu biyu. Ki dafa bango, ki ɗaga ƙafar dama, ki yi ɗage a kan ta hagu ita kaɗai. Mai wannan matsala ko dai ta kasa, ko ta yi da azaba. Na biyu, ki tsaya 'yarki ta duba ki ta baya. A lafiyayyar ƙafa yatsa ɗaya ko biyu ake hangowa ta gefen waje. In ta hango uku ko huɗu a ta hagu, gaban ƙafar ya fara karkata waje ke nan.

Abin da ya sa nake gaggauta ki shi ne ciwon yana da matakai. Da farko ƙafar tana da laushi, ana iya mayar da ita da hannu. A wannan lokaci hutu, takalmi mai ƙarfi mai igiya da abin tallafe baka a ciki, gashin ƙashi, wani lokaci da takalmin asibiti na makonni, sukan wadatar. In aka bari shekaru suka wuce, gaɓoɓin su ƙage a karkace, daga nan sai tiyata. Ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, bai yi miki nisa ba.

Kafin ki je, ki ajiye silifas ɗin roba, ba ya riƙe komai. Ki samo doguwar kujera ki riƙa zuba abinci a zaune, yaran su yi kai-kawo. Na san za ki ce ciniki ba ya son zama, amma wata uku a kwance bayan tiyata ya fi wannan asara. Kada ki yarda a yi miki allurar kashe kumburi a cikin jijiyar, tana iya tsinkewa. Maganin kemis ɗin nan kuma, in irin su diclofenac ko ibuprofen ne, shan su wata da watanni yana tayar da hawan jini, yana taɓa ƙoda, yana kawo gyambon ciki. Ki tafi da kwalin ki nuna wa likita.

TAMBAYA: Malam likita, 'yata shekararta 13. Tafin ƙafarta yana da zurfi sosai, da muna ganin kyau ne. Amma shekara biyu ke nan zurfin yana ƙaruwa, yatsun suna tanƙwarewa, tana yawan gurɗewa da tuntuɓe, takalmi yana sulluɓe mata ba ta sani ba. Ƙanena ma haka ƙafarsa take. Daga wani uba a Maraɗi.

AMSA: Malam, ka yi kyakkyawan lura. Abin mamaki ne yadda mutane suke tsoron ƙafar da ta kwanta, suna yaba wadda ta tashi, alhali a wurinmu ta biyun ce take sa mu ƙara bincike.

Ba duk dogon baka ne ciwo ba. Akwai waɗanda haka suka taso, ƙafa biyu daidai, ba ya ƙaruwa. Su matsalarsu tauri ne: nauyi yana taruwa a dunduniya da gindin yatsu, wurin ya yi kanta, takalmi ya cinye ta gefen waje, igiyar takalmi ta riƙa danne bayan ƙafa. Takalmi mai taushin ciki da faɗin gaba ya ishe su.

Na 'yarka daban ne, saboda yana ƙaruwa. Ƙafa tana zama daidai ne in tsokokin da ke jan ta sama da ƙasa, ciki da waje, ƙarfinsu ya zo ɗaya. In wasu suka raunana, masu ƙarfin sai su rinjaye su, bakan ya yi ta hawa, yatsu su tanƙware kamar na shaho. Abin da yake raunana su kuwa galibi daga jijiyoyin saƙo ne, waɗanda suke saukowa daga laka. Yadda ka kwatanta, ƙafa biyu, farawa a ƙuruciya, ga kuma ƙaninka, ya yi kama da wani ciwon gado da ake kira Charcot-Marie-Tooth, sunayen likitoci uku da suka bayyana shi a 1886, biyu a Faransa ɗaya a Ingila. Ana ƙiyasta yana samun wajen mutum ɗaya cikin 2,500. Wasu nau'o'insa daga uwa ko uba ɗaya ake gado, wasu sai an haɗa daga ɓangare biyu, waɗannan an fi ganin su inda auren zumunci ya yi yawa. Ban yanke hukunci daga wasiƙa ba, na faɗi abin da za a fara nema ne.

Da ƙafa ɗaya ce, da na fi karkata ga matsalar laka ko tabon shan-inna. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Afirka ranar 25 ga Agusta 2020, bayan an ga mutum na ƙarshe da ta kama kafin nan a Jihar Borno a 2016, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu da irin wannan ƙafa.

Ka sa ta yi tafiya a kan dunduniya, yatsu a sama. In ta kasa, ka faɗa wa likita. Mahaifiyarta ta duba ƙasan gadon bayanta, ko akwai ɗan rami ko tsiron gashi a tsakiya. Sannan ku nemi likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, ba na ƙashi kaɗai ba, in da hali ƙanin naka ya raka ku a duba su tare. In ciwon gadon ne, babu maganin da yake kawar da shi, amma yana tafiya a hankali, yawanci ba ya taɓa basira, ba ya kuma rage kwana. Da abin tallafe idon sawu, da motsa jiki, wani lokaci da tiyata tun ƙafar ba ta ƙage ba, yara suna karatunsu suna sana'arsu. Kada a cire ta daga makaranta, kada kuma a ce iska ce.

TAMBAYA: Likita, tun da na yi haihuwar fari takalman lefena suka daina shiga. Na yaye yaron, jikina ya koma, takalma sun ƙi. Daga wata amarya a Kumasi.

AMSA: Amarya, ba takalman ne suka motse ba. Lokacin ciki jiki yana sassauta jijiyoyi don shirin haihuwa, ga ƙarin nauyi, sai bakan ƙafa ya ɗan sauka, ƙafar ta ƙara tsawo. A wani bincike da aka fitar a 2013 an auna mata 49 a Jami'ar Iowa ta Amurka, a farkon ciki da kuma bayan haihuwa, aka ga a yawancinsu ƙafar ta ƙaru da milimita 2 zuwa 10, an kuma fi ganin haka a cikin fari. Ba ta cika komawa ba. In babu ciwo, ki raba wa ƙannenki, maigida ya sake sabon lale. Ki ce ni na ce.

TAMBAYA: Likita, mahaifinmu yana da ciwon suga shekara 15. Mako uku ke nan ƙafarsa ta dama ta kumbura, ta yi ja, ta ɗauki zafi, tsakiyar tafin kamar ya fara turowa ƙasa. Shi ya ce ba ya jin ciwo, yana zuwa masallaci da kasuwa da ƙafarsa. Muna yi masa gashi da ruwan zafi. Daga wani ɗa a Azare.

AMSA: Ɗan'uwa, na riga na aika maka amsa tun ranar da wasiƙar ta iso, ina maimaitawa a nan don wasu. Ku daina gashin yau, Baba kuma ya daina taka ƙafar yau.

Rashin jin ciwon shi ne haɗarin. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa. Ƙananan ƙasusuwan tsakiya su tsattsage, gaɓoɓi su goce, mutum bai sani ba yana ta takawa a kai, har bakan ya rushe ya juye, tafin ya turo ƙasa kamar gindin ƙwarya. Inda ya turo nan gyambo yake fashewa, daga gyambo kuma ake kaiwa ga yanke ƙafa. Wannan ma sunan Charcot yake ɗauke da shi. Ruwan zafi kuwa zai iya sale masa fata bai ji ba.

Ka taɓa ƙafafun biyu da bayan hannunka, za ka ji bambancin zafin. A asibiti za su yi hoto, su auna jini don a bambance shi da ƙwayar cuta a ƙashi, galibi kuma a sa filasta na watanni har zafin ya sauka. Hoton farko yakan fito kamar babu komai, kada wannan ya sa ku koma gida ku saki jiki. Ku faɗa wa likitan shekarun sugan, ku faɗa masa cewa ba ya jin ciwo.

Na san Baba zai ce masallaci. Ku tuna masa cewa mara lafiya yana da rangwame, ya yi sallarsa a gida a zaune. Ranar tafiya asibiti kuma mota ta zo har ƙofar gida, in kun isa ku nemi keken marasa lafiya tun daga bakin get, kada ya taka ko daga tasha zuwa ɗakin kati.